Hayaƙin Da Ba A Yi Ba

Ranar da aka kawo ku ofis, ku biyun nan, na ji ɗaya tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa, "Ashe aikin waya ne kawai, a sha sanyin esi a yi hira a karɓi albashi." Ni ma abin da na faɗa ke nan a 2017, lokacin da Kawu ya samo mini biza ya kawo ni unguwar Al Khabaisi a nan Dubai da takardar sakandare da jaka ɗaya. Ban girme ku da wani abin kirki ba. Amma Mudir, wato shugaban ofis, ya ce in koya muku aikin, ni kuwa duk sanda na zo wajen labarin nan sai harshena ya sarƙe. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ku karanta a nutse.

Ga sana'ar kamar yadda aka gaya mini. Akwai murhu na ƙarfe, an shafe cikinsa da yumɓu, itace kaɗan yake ci kuma ba ya tara hayaƙi. A wata masana'anta can Dubai Investments Park ake haɗa shi, a loda a kwantena, ya bi teku, daga nan mota ta kai shi arewa a raba wa gidajen da ba su da hali. Matar gida ba ta biyan abin a zo a gani. Masu biya su ne otal-otal da kamfanonin jigilar kaya na nan, waɗanda jiragensu da injinansu ke zuba hayaƙi a sama. Sai su ce, tunda mun yi hayaƙi a nan, bari mu biya kuɗin wanda wata mata ba ta yi ba a can, ɗaya ya goge ɗaya. Kabon ake ce masa, kuma da tan ake auna shi kamar siminti. Na ji wannan bayanin ya fi a ƙirga, na ma yi wa wasu, amma tsakanina da Allah har yau ban gane yadda ake ɗora hayaƙi a sikeli ba, balle wanda ba a yi ba.

Wata rana Kawu ya shigo da abokinsa Alhaji Mudi, wanda ke da shagon yadi a unguwar Al Buteen, ya ce in yi masa bayani ko zai saya. Na yi iya yi na. Alhaji ya gama ji, ya ce, "To, nuna mini samfur."

Na ce, "Alhaji, babu samfur."

"Yana sito ke nan?"

"A'a, ba ya ko'ina. Ba a yi shi ba ne."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "'Yar nan, na sayi kaya suna kan teku, na sayi kaya tun suna hannun masaƙa. Amma kayan da ba a yi ba, kuma har an yi mini alkawarin ba za a yi su ba, wannan ki bari sai na tambayi malamai." Ya shanye shayinsa ya tafi. Ni ma ban ga laifinsa ba.

Aikinmu, mu masu waya, shi ne mu tabbatar matan suna girki a kan murhun. In ba sa yi, to hayaƙin nan yana nan yana tashi, babu abin da za a sayar. Kayan aikin ba su da yawa: abin kunne mai ɗan makirfo, kwamfuta, da agogon bango da aka saita da lokacin gida, don mu a nan mun riga su da awa uku. Amma babban kayan aikin kunne ne, kuma Anti Balki ce ta nuna mini haka. 'Yar Maraɗi ce, ta daɗe a ofishin kafin ni, ba ta buɗe baki sai da "Bon," wato "to" da Faransanci.

Kiran farko da na yi, wata mata ce a wani ƙauye. Na yi sallama a gurguje na ce, "Kina amfani da murhun da aka ba ki?" Ta ce, "Sosai ma, Allah ya saka da alheri." Na ji daɗi, zan ajiye. Anti Balki ta zare abin kunnen gefe ɗaya ta kara a nata, ta ɗaga mini yatsa. Ta ce, "Bon, bar muryarta, saurari bayanta." Na kasa kunne. Sai na ji fat-fat-fat, ana fifita wuta da faifai, ga yaro yana tari. Ta ce, "Murhunmu ba ya son fifita. Wannan kan duwatsu uku take. Ke wace Bahaushiya kika taɓa gani an yi mata kyauta, mai kyautar ta bugo waya daga ƙasar waje, ta ce ba ta amfani da ita? Ba ƙarya ta yi miki ba, kunya ta ji."

Daga ranar na daina wannan tambayar. Ki gaishe ta tukuna, ki tambayi maigida da yara da ruwan bana, ko da Mudir yana bayanki yana "yalla, yalla," a yi sauri, saboda kuɗin waya. Sannan ki ce me aka ci jiya. Ki ce miyar a kan me aka ɗora, tuwon fa. Ki ce damin itace yanzu yana kai ta ina. Wadda take amfani da shi za ta yi miki ƙorafi: bakinsa ya yi wa babbar tukunya kaɗan, sai an faskara itace ƙanana, ya ƙona mata hannu ranar farko. Wadda ta yaba shi tun daga sama har ƙasa, ki sa mata ido. Akwai wata da ta yi ta zuba masa albarka, da na matsa sai ta ce yana ɗaki a jere cikin kwanukanta, ta rufe shi da leshi. Wai abu mai kyau haka ba za ta bari baƙin tukunya ya ɓata shi ba.

A cikin duk gidajen da nake kira, babu kamar gidan Inna Tabawa a Tudun Kuka. Tsohuwa ce mai ƙosai da koko. Ita ce ta fara kirana 'Yar Dubai. Da ta ɗauki waya sai ta ce, "'Yar Dubai, kin ci abinci kuwa? Muryar nan taki kamar ta sauro." Ƙorafinta a kan murhun ya fi na kowa yawa, kuma kullum a kansa take suya. Garin nasu titi ne ya raba shi biyu. Ɓangaren Tudu aka fara ba wa, aka ce 'yan Gangare su jira sai an sayar da kabon na farko sannan a kawo nasu. Ƙanwar Inna, Gwaggo Ladi, a Gangare take aure, idanunta kullum suna ruwa, ga tari da ya ƙi ƙarewa. Babu kiran da za mu gama Inna ba ta ce, "Na Ladi fa?" ba. Ni kuma in ce, "Inshallah, Inna, yana hanya."

Yanzu ku kula da wannan, don shi ne dalilin rubutun. Maganar da Anti Balki ta tsara a gaya wa matan ita ce: Larabawa suna biyan kuɗin hayaƙin da ba ki yi ba. Haka muke gaya wa Larai, ma'aikaciyarmu da ke shiga gida-gida a garin, ita ma haka take faɗa. Amma magana in ta bar bakin mai ita ba ta tafiya da dukkan kayanta. Daga wannan gida zuwa wancan, daga bakin famfo zuwa gidan niƙa, "ba" ɗin nan guda biyu suka zube a hanya. Abin da ya rage a garin shi ne: Larabawa suna sayen hayaƙi. Mun ji, mun yi dariya, har a ofis muka riƙa tsokanar juna da shi. Tunda ana girki a kan murhun, babu wanda ya ga abin gyara.

Sai shekarar korona ta zo. Otal-otal suka rufe, jirage suka kwanta, sararin saman Deira, yankin da muke, ya yi fes har kana hango abin da ba ka taɓa hangowa ba. Ni a zatona Mudir zai yi murna, tunda hayaƙi muke yaƙa. Ashe ba haka ba ne. Wanda bai yi hayaƙi ba ba ya neman na gogewa, sai masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Na zauna na yi ta juya abin a kaina: ke nan mu ma sai wasu sun ɓata sama muke cin abinci? Na tambayi Anti Balki, ta ce, "Bon, kar ki fasa kanki." Ba a jima ba aka sallame ta, da aka buɗe hanya ta koma gida. Na rage ni kaɗai mai jin Hausa, ina aiki daga ɗakin da muke haya da wasu mata a Al Buteen, kwamfuta a kan akwati.

Murhunan Gangare kuwa an gama su, suna cikin kwantena a sito, babu kuɗin tura su. Mai saye ɗaya ya rage, shi ma ya ce sai masu bincike sun tabbatar da Tudun Kuka. Masu binciken ba ma'aikatanmu ba ne, daga waje suke, kuma da can da ƙafarsu suke zuwa. Wannan karon babu jirgi, sai aka ce ta bidiyo za a yi: Larai ta riƙe waya ta shiga gidajen da suka zaɓa, ni in yi tafinta. Mudir ya kira ni ya ce, "Nafisa, in wannan bai wuce ba, khalas, an gama. Kwantenar nan a kilo zan sayar da ita wa masu tsohon ƙarfe, in rufe ofis." Bai ambaci bizata ba, ba sai ya ambata ba. Larai kuma, don kyautatawa, ta zaga gari ana gobe ta ce, "Masu sayen za su duba gobe, kowa ta shirya."

Ranar, mai binciken wata mata ce 'yar Indiya mai gilashi, ba ta murmushi. Madam muke ce mata. Ita a akwati ɗaya a fuskar kwamfuta, Mudir a ɗaya, ni a ɗaya, Larai a ɗaya. Ta ce a fara da gidan Tabawa. Na ji sanyi a raina, har na ce mata wannan ita ce gwanarmu.

Larai ta yi sallama ta shiga zaure, sai akwatinta ya yi fari fat. Na ce netwok ne. Sai muka ji tari, ba na mutum ɗaya ba. Larai tana cewa, "Innalillahi, Inna, mene ne haka?" Hoton ya ɗan washe. Tsakar gidan ya cika da hayaƙi kamar ana ƙona bola. Ga Inna Tabawa durƙushe gaban duwatsu uku, ta cusa ɗanyen itace da ɗanyen ganyen darbejiya, tana fifitawa da faifai, hawaye yana bin kumatunta. A bayanta mata ne zaune a tabarma sun ci kwalliya, kowa ta toshe hanci da mayafi.

Inna ta matso da fuskarta har ta cika wayar. "'Yar Dubai! Ke ce? Kai, ashe haka kike, 'yar firit. To ce musu su duba da kyau. Wannan na gidana ne kawai. Ga Ladi nan da matan Gangare na tara musu, nasu ya fi nawa kauri, wallahi in Ladi ta hura wuta ba ka ganin ƙofar ɗakinta. Su saya har da nasu, a kawo musu murhun."

Madam ta ce da Turanci, "Me take cewa?"

Wayata ta yi ƙara a gefe. Mudir ne ya turo saƙo: ki ce biki ake yi. Wani ya biyo: ki ce maganin sauro ne. Na duba saƙon, na duba Madam, na duba Inna tana share ido da bakin zane. Kar ku ɗauka jarumta na yi. Tsoro ne ya kulle mini kai, na nemi ƙaryar da zan haɗa na rasa ta ina ake farawa. Bakina kawai ya ci gaba da aikin da ya saba, ya juya maganar Inna kalma bayan kalma. Na ga Mudir ya dafe goshi.

Madam ta yi rubutu. Ta ce, "Tambaye ta ina murhun da aka ba ta."

Na tambaya. Inna ta yi tsaki ta nuna gefe. Yana can jikin bango, an kifa masa tire.

"Me ya sa ba shi ta hura ba?"

Inna ta ce, "Wannan? Ai shi ne zai kunyata ni gaban baƙi. Tun da na gama suyar safe nake fama da shi, na sa ganye, na sa ɓawon gyaɗa, na yayyafa ruwa, ɗan abin da yake fitarwa ko kyanwa ba zai kora ba. Mutane sun taso saye tun daga Dubai in nuna musu wannan? Sai da na aika Gangare aka aro mini duwatsun Ladi."

Na juya wannan ma. Madam ta ɗago kai, ta ce in maimaita ƙarshen. Na maimaita. Ta ce, "Aro? Nata fa?"

Inna ta ce, "Nawa? Oho, tun bara waccan. Larai, nuna musu gindin randa."

Larai ta ratsa hayaƙin tana tari, ta sunkuyar da waya. Ga randar ruwa zaune a kan duwatsu uku, sun nutse a ƙasa, gansakuka ta yi musu kore shar. Madam ta sa aka ɗaga tiren, aka leƙa cikin murhun, aka nuna mata yumɓun da wuta ta cinye da tokar safe. Ta sa Larai ta taɓa jikinsa. Larai ta ce da ɗuminsa.

Sai Madam ta ce, "Gida nawa ne suka yi irin wannan yau?"

Babu wanda ya sani. Ta ce Larai ta fita waje ta ɗaga wayar sama. Larai ta fita, ta hau dakalin ƙofar gida, ta juya a hankali. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Duk ɓangaren Tudu, gida bayan gida, hayaƙi ne ke tashi, wani fari wani baƙi, kamar an yi gobara a gari. Kowa ta shirya, kamar yadda aka ce. Muna ji daga nesa wata tana kiran Larai ta zo ta ga nata kafin ya lafa.

Madam ta cire gilashi ta goge ta mayar. Ta ce, "Za mu rubuto." Akwatinta ya yi baƙi.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mudir bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba. Na haɗa kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado. Inna ta sa aka yi ta kirana, na kasa ɗauka, don na san abin da za ta tambaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ban san me Madam ta gani ba. Ta ga gari yana hayaƙi, ko ta ga duwatsu da gansakuka? Duka biyun gaskiya ne, kuma da bakina duka suka bi.

Da amsar ta zo, ba ta ce mun ci ba, ba ta ce mun faɗi ba. Ta ce an soke wannan ranar gaba ɗaya, za a sake, amma ba za a sanar da kowa ba, ko Larai sai ta hau hanya za a gaya mata gidan da za ta shiga. Haka aka yi ta yi, yau gida kaza, jibi gida kaza, tsakiyar girki. Aka tarar da yawancinsu a kan murhun. Aka kuma tarar da wasu da ke haɗawa da duwatsu in za a ɗora babbar tukunya, saboda haka aka rage mana tan ɗin da za mu sayar. Mudir ya ce ragin ya yi ciwo amma ana numfashi. Kwantenar ta bar sito a makare, ba ta isa Gangare ba sai cikin 2021, bayan an gama girbi.

To ga abin da nake so ku riƙe. Kar ku bar maganar nan ta fita bakinku a gajarce, ko da wasa. Kar ku haɗa saye da hayaƙi a jimla ɗaya. In mace ta ce ta gane, ku ce ta faɗa muku da bakinta abin da ta gane. Kuma in kun ga na tashi na fita sanda masu shara suka kunna turaren wuta a ofis, ba ƙyamar turare nake yi ba. Tsakar gidan Inna yake tuna mini, yana wucewa.

Ranar da aka kai wa Gwaggo Ladi nata murhun, Inna ta sa Larai ta kira ni. Na ji guɗa a bayanta, na ji Ladi tana ƙorafin bakinsa ya yi wa tukunyarta kaɗan, na ce a raina alhamdulillahi, wannan za ta yi amfani da shi. Inna ta ja wayar gefe ta rage murya.

Ta ce, "'Yar Dubai, yanzu mu biyu ne, babu mai gilashi. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Hayaƙin nan, in yi ko kar in yi?"

Na ce, "Kar ki yi, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Rashin yin shi suke biya."

Sai ta ce, "To in don wannan ne, ai ranar da ba mu da abin ɗorawa a wuta sam ba ma yi. Shekara da shekaru. Wannan wa zai saya?"

Na duba agogon bango, na duba Mudir, na duba abin da aka rubuta mana mu riƙa faɗa. Na ce, "Inna, zan tambayo miki."

Ta ce, "Tambayo. Kuma ki ci abinci."

Na tambayi Mudir, ya ce ba haka lissafin yake ba. Na ce to yaya yake, ya ce shwaiya shwaiya, sannu a hankali, zan gane. In ɗayanku ta riga ni ganewa, lambar Larai tana nan, Inna tana jira.